Murhun da ke cinye hayaƙinsa: wanne za ka saya, wanne za ka sa a ƙera maka?

Cikin hunturun bara na yi kwana biyu a gidan goggona a Tilden Fulani, can inda Bauchi ta yi iyaka da Filato, inda sanyin Jos ke gangarowa da asuba ya ratsa bargo ya shiga ɓargo. Na same ta a madafi tana hura wuta, ido ya kaɗa ya yi ja, rufin kwanon ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Na ce, "Goggo, wannan hayaƙin ai kuɗinki ne ke fita ta taga." Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, a ina ka taɓa ganin wuta ba hayaƙi?" Sai na karɓi kyandir na kunna, na hure shi, na kai ashana mai ci cikin siririn hayaƙin da ke tashi, ban taɓa lagwanin ba. Wutar ta bi hayaƙin ta sauka, kyandir ya sake kamawa. Goggo ta ce a sake, aka sake.

Abin da kyandir ya nuna shi ne tushen maganar nan. Itace ba ya ci kai tsaye kamar yadda ido ke gani. Da farko ruwan jikinsa ne ke fita, a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas. Idan zafi ya kai tsakanin 200 zuwa 300, sai itacen ya fara sakin gas da kwalta, su ne muke kira hayaƙi. Abin da ya rage shi ne gawayi, wanda ke zama garwashi. Fiye da rabin ƙarfin da ke cikin itace yana cikin wannan hayaƙin ne. Saboda haka wuta iri biyu ce a kowane murhu: ta farko a jikin itace da garwashi, ta biyu a sama inda hayaƙi ya haɗu da iska ya kama. Murhun da ya samu ta biyun shi ne ke ba da harshe mai haske, tukunya ta tafasa da wuri, mai girki ta huta da hawaye. Wanda ya rasa ta kuwa, ka sayi dami guda ka ci moriyar rabi.

Ita wutar ta biyu tana da sharuɗɗa, kuma ba ta yin rangwame. Tana son zafi wajen digiri 600 kafin hayaƙi ya kama da kansa. Tana son iska isasshiya: kilo ɗaya na busasshen itace yana buƙatar iska kusan kilo 6 kafin ya ƙone ƙurmus, kuma mafi yawan wannan iskar a sama ake buƙatarta, wajen hayaƙin. Sai kuma lokaci da cakuɗuwa, wato hayaƙi da iska su gauraya su ɗan jima a wuri mai zafi kafin su taɓa wani abu mai sanyi. A nan ne murhunmu na duwatsu uku ke faɗuwa. Iska tana da yawa, amma mai sanyi ce, tana shigowa ta ko'ina. Gindin tukunya kuma yana zaune daf da itace, kuma tukunyar ruwa ba ta wuce digiri 100, don haka duk harshen da ya lashe ta sai ya mutu ya bar baƙi. Baƙin tukunyar da ake dirzawa da toka da soso kullum itace ne da bai gama ci ba. A murhun duwatsu, abin da ke shiga tukunya daga zafin itacen bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba.

Hanyoyi huɗu ne mutumin Bauchi zai iya bi, kuma ba su yi kusa da juna a daraja ba.

Na farko, wanda zan fi daɗewa a kansa, shi ne murhu mai gwiwa, wanda Turawa ke kira roket. Dokta Larry Winiarski ne ya tsara ƙa'idojinsa a farkon shekarun 1980 tare da cibiyar Aprovecho da ke jihar Oregon ta Amurka. Bututu ne aka lanƙwasa kamar gwiwar hannu: ana zura ƙirare ko siraran faskare ta bakin da ke kwance, wuta na cin kawunansu kaɗai, hayaƙi ya hau ta ɓangaren da ke tsaye ya ƙone a ciki kafin ya isa gindin tukunya. Na gida, faɗin bututun santimita 10 zuwa 12 ya isa, tsayinsa kuma kamar ninki uku na faɗin, wato wajen santimita 30 zuwa 35. In ya gajarta, hayaƙi bai samu lokaci ba. In ya yi tsawo da yawa, sai ya riƙa zuƙo iska mai sanyi fiye da kima, tukunya kuma ta yi nisa da wuta. Ana sa ɗan faranti ko raga a bakin domin itace ya hau kai, iska ta bi ta ƙarƙashi ta ratsa garwashi ta ɗumama.

Sirrinsa duka yana cikin abin da aka kewaye bututun da shi, kuma nan ne masu walda da magina suka fi kuskure. Mutum zai ga kamar in ya cika gefen da yashi ko laka mai kauri ya yi ƙarfi ya riƙe zafi. Riƙewa kam yana riƙewa, amma daga wutar yake sata. Yashi da laka da siminti suna shanye zafi, sai cikin bututun ya kasa kai digirin da ake nema har a sauke tukunya. Abin da ake so shi ne mara nauyi mai iska a ciki: tokar itace busasshiya, tokar buntun shinkafa, ko tubalin da aka kwaɓa yumɓu da garin katako aka gasa, garin ya ƙone ya bar ƙananan ramuka. Irin wannan tubalin in ya yi kyau, ka ɗaga shi ka ji kamar busasshen burodi. Duk mai ginin tukwane zai iya yin sa in an kwatanta masa. Toka kuwa kyauta ce, sai dai a kiyaye ta daga ruwa, don in ta jiƙe ta tashi aiki kuma tana cin ƙarfe.

Ƙari ɗaya da mutane ke rainawa shi ne zanin tukunya: langa-langa a naɗe kewaye da ita, a bar rata kamar santimita ɗaya, domin zafin da ya fito ya goge jikin tukunyar maimakon ya watse. Wannan ba ya ƙara wa wuta ta biyu komai, amma wajen rage itace yakan yi aikin da ya kai na gwiwar kanta. A wannan dangin ne zan sa Save80, murhun ƙarfen da ba ya tsatsa, ƙirar Jamus, wanda ƙungiyar DARE ta Kaduna ta yaɗa a Arewa tare da ƙungiyar atmosfair ta Jamus, ana kuma ƙera shi a Kano. Tukunyarsa tana nutsewa ne cikin jikin murhun, kuma sunansa daga iƙirarin masu shi ne cewa yana rage itace da kashi 80 cikin ɗari. Wannan lissafin na wanda ya bi ƙa'ida ne sau da ƙafa, har da sauke tukunya a ƙarasa dahuwa a cikin akwatin riƙe zafi da ke zuwa tare da shi. A gidan da yara ke iza wuta, kada ka sa ran haka. Amma ko rage kashi ɗaya cikin uku ne, a lissafin shekara ba ƙaramin abu ba ne.

Aibin mai gwiwa a fili yake. Yana son a zauna kusa da shi ana tura itace kowane 'yan mintoci, ba irin wutar da za a cusa gungume a tafi ɗebo ruwa ba ce. Yana son a faskara itace sirara, aikin da wani zai yi da gatari. Zafinsa a tsakiya yake taruwa, don haka mai masa ta yi hattara: tanda mai faɗi za ta ƙona na tsakiya ta bar na gefe ɗanye, sai dai a ɗaga ta sama kaɗan ko a sa farantin ƙarfe ya raba harshen. Sannan tuwo. Duk murhun da ba zai jure muciya ba, ba murhun gidan Bahaushe ba ne. Na gwangwani mara nauyi yana rawa a lokacin tuƙi, don haka in tuwon gida mai yawa ne, a gina shi a ƙasa da tubali, a yi masa mazauni mai faɗi, gwiwar na ciki.

Na biyu shi ne murhun da ake kunnawa ta sama. A wajen ƙona hayaƙi zalla, ya fi mai gwiwa, kuma duk wanda ya ga yana ci karo na farko yakan leƙa ƙarƙashi ya nemi tukunyar gas. Thomas Reed a Amurka da Paal Wendelbo ɗan Norwe ne suka fito da shi, kowa ta hanyarsa, Wendelbo kuma ya yaɗa nasa a Yuganda da sunan Peko Pe. Gwangwani biyu ne, ƙarami a cikin babba. Ana cika na cikin da makamashi a kunna daga sama. Ƙananan huji a gindi suna ba da iska kaɗan, daidai wadda za ta sa wuta ta riƙa sauka a hankali tana mai da itacen gawayi tana korar hayaƙi sama. Iska ta biyu tana hawa ta tsakanin gwangwanayen tana ɗumama, ta fito ta jerin huji kusa da baki, ta tarar da hayaƙin. Nan harshe ke kamawa, sama da itacen, ba ya ma taɓa shi. Murfi mai rami a tsakiya yana matse su su gauraya.

Ga manomi, kyawunsa shi ne abin da yake ci: totuwar masara, ɓawon gyaɗa, karan dawa da aka daddatse, guntayen itace. Abubuwan da ake tarawa a bakin gona a cinna musu wuta a banza. A ƙarshe kuma yana barin gawayi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin abin da aka zuba, a juye a kurfoti a ɗumama miya ko a kashe a ajiye. Buntun shinkafa kam ya cika laushi, iska ba ta ratsa shi sai da ƙaramar fanka, irin tsarin da Alexis Belonio ya yi a Filifin. Kada a haɗa shi da murhun garin katako da wasu ke kira Abaca, wanda ake danƙarewa a bar rami a tsakiya. Shi wancan daga ramin yake ci, kuma ba shi da hujin iska ta biyu.

To me ya sa ban ce kowa ya koma kansa ba? Saboda ba ya sauraren mai girki. Zubi ɗaya ake yi masa, ya ci minti 30 ko awa guda gwargwadon girmansa da abin da aka zuba, ya ƙare. Wake bai nuna ba? Sai a sauke, a juye, a sake cikawa. Rage wuta da wuya, ƙara itace a tsakiya yana ɓata tsarin. In kuma iskar hunturu ta hure harshen, ko totuwar ba ta bushe ba, sai ya koma injin hayaƙi, fari fat mai yaji, wanda ya fi na murhun duwatsu muni, domin ƙasan yana ci gaba da fitar da gas ba mai ƙona shi. Ni a ganina murhu na biyu ne a gida: na ruwan wanka, na kunu, na shinkafa, na suyar ƙosai, duk aikin da aka san tsawonsa. Mai shayi ma zai ji daɗinsa.

Na uku shi ne ainihin na ɗumama ɗaki, akwatin ƙarfe mai ƙofa da bututun hayaƙi, irin na ƙasashen sanyi. A can doka ce ta tilasta gyaransa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta fara sa wa irin waɗannan murahu iyaka a 1988, kuma daga 2020 sabon murhu ba zai wuce giram 2 zuwa 2.5 na ƙurar hayaƙi a awa ba. Yadda maƙeransu suka cimma hakan ba asiri ba ne, mai walda a Bauchi zai iya kwaikwaya. Ana shimfiɗa tubalin wuta a ciki don ɗakin wutar ya riƙe zafi. Ana sa silin a sama, faranti da ke tare hayaƙi ya hana shi miƙewa bututu, ya tilasta masa zagayowa ta gaba. A ƙarƙashin silin ɗin ana jera bututun ƙarfe biyu ko uku masu ƙananan huji, iskarsu tana shigowa daga waje ta hanyar da ta bi bayan wuta ta yi zafi tukuna. In komai ya daidaita, za ka ga harsuna suna zubowa daga hujin nan kamar na kukar gas, itacen a ƙasa yana ci a hankali, in ka fita waje ka dubi bakin bututu ba ka ganin komai sai rawar zafi.

Abin da ke kashe shi uku ne, kuma duk na mai shi ne. Ƙofar da ba ta rufuwa ruf, iska ta shiga ta inda ba a so. Gajeren bututu: bututun ne injin da ke jan iska, masu ƙera irin wannan sukan nemi faɗin santimita 15 da tsayin mita 4 da rabi daga murhu, ya kuma zarce ƙololuwar rufi. Sai toshe iska da wuri don itace ya kai asuba. Wanda ya yi haka ya kashe wuta ta biyu da hannunsa, hayaƙin ya sanyaya a bututu ya zama kwalta, kwaltar nan kuma wata rana ita ce ke kamawa ta cinye rufi. Ƙa'ida ita ce a bar iska a buɗe minti 15 zuwa 20 bayan kowane zubi har itacen ya yi baƙi harsunan sama su tsaya, sannan a rage kaɗan-kaɗan. Jera manya a ƙasa, ƙirare a sama, a kunna daga sama, yana rage hayaƙin farko ƙwarai.

Tambayar ita ce ko ya cancanci kuɗinsa a nan. A garin Bauchi, ko Azare da Misau, sanyin da ke sa a nemi wuta bai wuce na wata biyu zuwa uku ba, dare ya sauka ƙasa da digiri 15, rana ta fito a cire rigar sanyi. Akwatin da zai zauna wata tara yana tsatsa, bargo biyu sun fi shi. A ƙasar Toro da ƙauyukan da ke jingine da tsaunukan Filato lissafin ya bambanta, musamman gidan da ke da tsoho ko jariri. Kuma ko ba komai yana maye gurbin kaskon garwashi a ɗaki rufe, wanda ke fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mai sa mutum ya yi barcin da ba ya tashi. Garwashi ba ya hayaƙi, shi ya sa ake amince masa, alhali a nan haɗarin yake. Wanda ke son ɗumi mai daɗewa ba tare da akwatin ƙarfe ba, ya tuna gadon ƙasa na kakanninmu da ake hura wa wuta a ƙarƙashi. Ana iya gina gwiwa mai ci da ƙarfi, a bi da bututunta ta cikin dakalin laka kafin ya fita waje. Wuta ta ci awa biyu da yamma, dakalin ya riƙa sakin ɗumi cikin dare. A nan nauyin laka alheri ne, tunda bayan wuta ta gama cin hayaƙinta yake karɓar zafi. Sai dai gini ne da ke son wanda ya iya, don tsaga ɗaya a dakalin tana shigo da hayaƙi ɗaki.

Na huɗu ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Akwai murhu mai wani abu kamar saƙar zuma na tangaran da aka shafa wa filatinam ko faladiyam, wanda ke sa hayaƙi ya kama tun a digiri 260. Abu ne mai kyau a inda ake sayar da kayan gyaransa. Yana lalacewa bayan 'yan shekaru, kuma ƙona leda ko roba ko katako mai fenti yana kashe shi. Mu da ake kunna wuta da ledar ruwa da tsohon silifa, ba zai ga damina biyu ba.

In ka zaɓi a ƙera maka, ga abin da za ka tsaya a kai a gaban mai walda. Kada ya yi ɗakin wuta da kwanon rufi ko wani ƙarfe mai rufin zinki, tururinsa yana sa zazzaɓi. Durom ɗin da aka zuba fetur ko maganin feshi ba a sa masa wutar walda sai an wanke an cika shi da ruwa, gara ma a nemi wani. Langa-langa siriri a inda wuta ta fi zafi yana hujewa cikin watanni, don haka gwiwar ta zama tubali ko ƙarfe mai kauri, ko a yi ta yadda za a iya cirewa a canja. In ya ce maka, "Alhaji, bari in ƙara faɗin bakin don ya ci itace da yawa," ka ce masa a'a. Faɗin baki da na bututu da ratar da ke ƙarƙashin tukunya su tafi daidai da juna, in ɗaya ya zarce sai iska mai sanyi ta yi yawa.

Duk wannan kuwa ɗanyen itace yana rushe shi. Sabon sara yakan kai rabin nauyinsa ruwa, kuma sai wuta ta dafa wannan ruwan ta kore shi kafin ta yi maka aiki, tururin kuma yana sanyaya hayaƙi ya hana shi kamawa. Abin nema shi ne danshin da bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Ba sai da na'ura ba: busasshe yana tsagewa a kai, in ka buga biyu suna ƙara kamar ƙwarya, ɗanye kuwa yana tsuwa yana kumfa a gindi in ya ji wuta. Marke da ƙirya masu nauyi suna daɗewa ba su bushe ba, amma su ne ke riƙe garwashi. Dogon yaro da turare kuwa su ake iya shukawa a sare reshe ba a shiga daji ba, abin da ya kamata mu fara tunani ganin yadda motocin gawayi ke fitowa daga dazukan Ningi da Toro. Rani yana mana aikin busarwa kyauta, matsalar watan Agusta ce. A faskara tun Maris ko Afrilu, a jera a kan duwatsu kada ya taɓa ƙasa, a rufe sama a bar gefe iska na ratsawa.

Ko mafi kyawun mai gwiwa yana rage hayaƙi ne, ba ya kawar da shi, don haka girki a rumfa ko madafi mai taga biyu yana nan daram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yaran da ke goye su ne suka fi shaƙarsa.

Goggo dai mai gwiwa muka gina mata, na tubali, a gefen tsohon murhunta, muka cika gefen da tokar da ta tara. Na ɗaki kuma mun bar shi sai an samu mai waldar da zai yarda ya yi bututun da tsawonsa. Duwatsun nan uku ta hana a taɓa su. Ta ce ranar suna ko biki, in aka ɗora tukunya mai lamba talatin, wace gwiwa ce za ta ɗauke ta? Ban yi mata musu ba, don gaskiyarta ce, sai an gina wata babba daban.